Fitilar eyabag ɗin da aka kashe min a Camry, da wahalar wata huɗu da ta jawo

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son rubuta wannan abin amma sai da na bari zuciyata ta ɗan huce tukuna, don ranar da muka gano abin da ke cikin motar nan wallahi kwana biyu ban samu barcin kirki ba.

Camry ce ta 2009, wadda muke ce wa Masul, na saye ta a hannun wani dila a matsayin tokumbo, fes da ita, fenti na ƙyalli, AC kamar firiji, inji ko tari ba ya yi. Na je da bakanikena ya leƙa ƙasa, ya saurari inji, muka zaga da ita har baifas muka dawo, ya ce Alhaji biya kawai. Dashbod kuwa tas, ba fitilar da ta tsaya, kuma kun san yadda muke, in dai an tada mota fitilu sun ɗauke to shikenan hankali ya kwanta. Ni ma haka na yi, na biya na kai gida iyali suka yi ta sa albarka.

Wajen sati uku da saye na ajiye ta ranar Juma'a bayan masallaci, ban sake taɓa ta ba sai Litinin da safe za a kai yara makaranta, na murza mukulli sai ƙas ƙas ƙas. Aka yi mata jam ta tashi. Mai batir ya ce ai batirin da suke zuwa da shi daga Amurka duk ya gaji, na yarda don maganar ta yi kama da gaskiya, na sayi sabo mai 75. Bayan kwana goma abin ya dawo. In ina hawanta kullum lafiya lau, amma in ta kwana biyu ko uku a ajiye sai an nemo wayar jam. Aka auna altaneta, tana ba da bolt 14 da ɗan wani abu, wato caji kam tana yi. Sai kuma hon ya fara nasa, in kana tafiya miƙe zai yi, da ka karya sitiyari sai ya yi shiru, kuma duk wanda yake tuƙi a cikin Kano tsakanin 'yan adaidaita ya san mota ba hon ba ƙaramin haɗari ba ce, akwai ranar da saura kaɗan in taka wani yaro mai tallan fiya wata a shatale-tale ina ta danna hon ba ya yi. Maɓallan rediyo na jikin sitiyari su ma suka bi sahu. Can kuma in na shiga hanya mai gargada sai allurar gudu ta faɗi sifiri ta sake tashi, fitilun dashbod su yi ƙifta-ƙifta. Sau ɗaya bayan an wanke ta na ji warin roba na ƙonewa daga ƙasan kujera, na tsaya na duba ban ga komai ba, warin kuma ya wuce.

Rewaya uku na je. Na farko ya canja hon da rilensa. Na biyu ya ƙara min wayar at daga batir zuwa bodi. Na uku ya ce in dinga cire kan batir duk dare, ko ya sa min makunni a kai. Ba na zarginsu da mugunta, kowa ya yi maganin abin da na kai masa ne, ni ma ɗin ban taɓa kawo wa cewa duk cutar nan tushenta ɗaya ba.

Wani abokin aikina ne ya kai ni wurin wani dattijo, rewaya ne tun zamanin Fijo 504 amma ya bi zamani, yana da kwamfuta babba kuma yana karanta zanen wayarin a wayarsa. Na zayyana masa komai yana saurare bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce shiga ka zauna, murza mukulli zuwa inda fitilu za su kawo amma kar ka tada inji. Na murza, fitilu suka kawo, muka yi shiru. Na ce Baba me muke jira? Ya sa yatsa a kan gilashin dashbod daidai wata jar fitila mai hoton mutum a zaune da ƙwallo a gabansa ya ce ɗana wannan nake kallo. Muka kai minti guda tana nan a kunne. Ya ce to tada. Ina tadawa ta ɗauke, ita da fitilar oyil a tare, lokaci guda kamar hannu ɗaya ya kashe su. Ya sa na maimaita har sau uku. Sannan ya ce motar nan ta yi hatsari, kuma zai yi wuya a ce akwai eyabag a cikinta, wato jakar iskan nan da ke fitowa ta tare mutum a lokacin karo.

Ga bayanin da ya yi min, kuma wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe ko da bai karanta sauran ba. Eyabag yana da nasa birenbos, wato 'yar kwamfutar da ke kula da shi, daban da na inji. Duk lokacin da ka murza mukulli, birenbos ɗin zai kunna fitilar ya bi wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, in ya ga komai daidai sai ya kashe ta da kansa bayan kamar sakan 6, ko ka tada inji ko ba ka tada ba, babu ruwansa da inji. Fitilar oyil ita ce take jiran inji ya tashi mai ya hau kafin ta ɗauke. Saboda haka in ka ga ta eyabag tana jiran inji, to wani ne ya buɗe dashbod ya yanke hanyarta ta asali ya ɗaure ta a jikin ta oyil ko ta caji don ta dinga kwaikwayonsu. Wasu ma ba sa wahalar da kansu, baƙin tef suke liƙa mata ko su cire ƙwan gaba ɗaya, wannan kuma za ka gane ne in ka murza mukulli ba ta kawo ba sam.

Ya jona kwamfutarsa. A nan ma na koyi abu, ashe ƙananan sikanan nan da ake jonawa da waya yawancinsu inji kawai suke karantawa, shi ya sa lokacin saye da aka sa mata aka ce min ba kod ɗin matsala ko ɗaya. Tasa ta shiga ɓangaren SRS, wato na eyabag, sai ga kod jere, har da shaidar cewa birenbos ɗin ya riga ya harba eyabag a baya kuma ba a canja shi ba.

Amma bai fara da nan ba, ya ce mu fara kama ɓarawon batir. Ya cire kan negatif ya sa mita a tsakani, ya danne makullin ƙofa da sukundireba don mota ta ɗauka a rufe take, muka koma inuwa muka jira fiye da rabin awa, ya ce sai kwamfutocin mota sun yi barci ake samun gaskiyar awo. Mota mai lafiya in ta yi barci abin da take ja bai kamata ya wuce 0.05 na amfiya ba. Tawa tana jan 0.38. Ya yi min lissafi a ƙasa da tsinke, a kwana ɗaya wajen amfiya 9 kenan ta zuƙe, kwana uku 27, ka ga ko sabon batir ne zai durƙusa, ga shi kuma duk lokacin da batir ya sauka ƙasa haka ƙarfinsa raguwa yake yi, ba ya komawa yadda yake. Sai yaronsa ya fara zare fis ɗaya-ɗaya shi yana kallon mita. Aka yi ta zarewa ba canji, sai da aka zo kan na kujerar direba mai lantarki, mai 30, yana zare shi mita ta faɗo 0.03.

Aka cire batir gaba ɗaya, ya duba agogo ya ce ba mai taɓa komai sai an jima. Akwai kafasita a cikin birenbos ɗin da take riƙe wuta don ko batir ya tsinke a hatsari eyabag ya iya fita, Toyota sun ce a jira aƙalla sakan 90, Honda minti 3, shi minti biyar yake jira a kowace mota. Sannan aka kwance kujeru aka ɗaga kafet.

Abin da na gani a ƙasan kafet ɗin nan har yanzu yana idona. Wata siririyar jar waya, irin ta rediyo, an fere wayar kujerar direba an murɗa ta a jiki da hannu ba dalma ba komai, an naɗe da tef, an ja ta ƙarƙashin kafet ta tsallaka zuwa ɓangaren mai zaman banza. A hanya ta bi ta gefen ƙarfen kujera, ƙarfen ya goge robarta har tagulla ta fito, wurin ya yi baƙi ya narke, soson kafet ɗin da ke kai ya ƙone kamar faɗin kwabo. Ga danshi, ruwan wankin mota ya kwanta a wurin, soket-soket duk sun yi kore. Ƙarshen wayar kuma wani ɗan baƙin akwati ne kamar gidan ashana, an cusa wayoyinsa cikin soket ɗin na'urar da ke auna nauyin wanda ya zauna a kujerar gaba. Dattijon ya ɗaga wayar ya nuna min ya ce wutar kujera ba ta mutuwa ko ka zare mukulli, shi ya sa kake iya matsar da kujera mota a kashe, to akwatin nan dare da rana a kunne yake yana shan batirinka. Kuma fis mai 30 ne a bayanta, wannan 'yar wayar za ta kama da wuta tun kafin fis ɗin ya san ana yi. Na tuna ranar da na ji warin roba, yarana uku suna baya a ranar. Sai da na nemi wuri na zauna.

Shi akwatin aikinsa ƙarya ce kawai, yana gaya wa birenbos cewa na'urar kujera lafiyarta ƙalau kuma kullum babban mutum ne a zaune. Ana sayar da irinsu a intanet, masu BMW da Marsandi sun fi saninsu saboda shimfiɗar da ke cikin kujerar tana yawan lalacewa kuma sabuwa da tsada. Amma dalilin da ya sa aka yi na'urar tun farko shi ne in yaro ƙarami ne a kujerar, mota ta kashe eyabag ɗin wannan ɓangaren, domin abu ne da yake fitowa da gudun da ya kai kilomita 300 a awa, cikin ƙasa da ƙiftawar ido, an yi shi ne don ƙirjin babba mai ɗaure da bel. Yanzu ku duba yadda muke a nan, uwa a gaba da jariri a cinya, ko yaro ɗan shekara huɗu a tsaye ya dafa dashbod. 'Yan rod sefti suna ta faɗa yara 'yan ƙasa da shekara 12 a baya za su zauna, ba ma ji. In motar tana da eyabag na gaske ga kuma wannan akwatin a ƙasa, ƙaramin karo ma ya isa ya zama makoki.

Daga nan aka koma sitiyari. Murfin yana nan da rubutunsa SRS AIRBAG ras, ya kwance shi a hankali ya juyo min da bayansa. Soso ne a ciki da tsumman atamfa, an cusa don in ka danna ka ji da tauri. Soket ɗin mai ruwan ɗorawa yana reto ba a jone da komai ba. Yawancin wayoyin eyabag da ruwan ɗorawa ake musu alama, in ka gan su a motarka ka san ba na wasa ba ne. A bayan sitiyari akwai abin da suke kira ribon, wata faffaɗar waya ce a naɗe kamar tef ɗin kaset, ita ce ke ba sitiyari damar juyawa ba tare da wayoyin hon da maɓallai da eyabag sun tsinke ba. Wanda ya mayar da sitiyarin bai saita ta a tsakiya ba, kullum in na karya sosai sai ta miƙe ta ja, har ta fara tsagewa. Hon ɗina kenan, ba hon ba ne ba rile ba ne. Kuma da a ce komai na nan yadda kamfani ya yi, ranar da ribon ɗin ta fara tsagewa fitilar za ta kawo, kwamfuta ta nuna B1801 wato layin eyabag ɗin direba ya yanke, a canja ta a wuce wurin. To amma an riga an sa razista a ƙasan ribon ɗin, an toshe bakin da zai faɗa.

Razista ɗin nan ɗan ƙaramin abu ne kamar ƙwayar shinkafa, masu gyaran rediyo suna da shi cike da gwangwani. A cikin kowane eyabag akwai wata 'yar waya da nake kira ashana, ita ce wuta ke bi ta kunna sinadarin da ke hura jakar, nauyinta a mita wajen om 2 zuwa 3 ne. Birenbos ba ya ganin jaka, wannan awon kawai yake gani. Sai a nemo razista mai om 2.2 a cusa a soket, shi kuma ya ɗauka eyabag na nan. Guda biyar muka ciro a motata, na direba biyu don nasa mai hawa biyu ne, na ɓangaren fasinja biyu inda aka sake wa dashbod fata aka rufe ramin, ɗaya kuma a bel ɗin direba. Ashe bel ma yana da nasa harsashin da ke fizge shi ya manne ka da kujera a lokacin karo, sau ɗaya yake aiki, nawa ya riga ya tashi tun a can, shi ya sa kullum yake saɓule ba ya komawa da kyau. Dattijon ya ce a ganinsa hannu biyu ne suka bi motar, na farko ya zuba razista da akwati, fitila ta ƙi mutuwa saboda birenbos yana riƙe da tarihin hatsarin, sai aka kai wa na biyu ya buɗe dashbod ya ɗaure ta da ta oyil. Shi wannan ɗin ne ya bar dalma ta ɗiga a kan allon mitar dashbod ya kuma karya maƙalin soket ɗin baya, shi ya sa gargada ke sa allura faɗuwa. Kafin ya yanke hukunci sai da ya auna tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin kwamfuta ya ga om 60, ya ce layin da kwamfutocin ke magana da juna lafiya yake, matsalar a mitar dashbod take.

A daren na ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba, na rubuta a Google. Ba ta ɗau minti ɗaya ba sai ga hotunan motata a filin gwanjo a Amurka, gaban ya shige ciki, bonet ya tanƙware, fararen jakunkuna biyu suna reto ɗaya a sitiyari ɗaya a dashbod. Da yawa daga cikin tokumbon da ke shigo mana daga gwanjon Copart da IAA suke, motocin da inshora ta biya ta sallama, kuma su can ba sa ɓoyewa, hotuna suna nan a fili an rubuta irin lalacewar. Ni ban ga laifin sayo mota mai hatsari a gyara ba, da yawanmu ita ce daidai aljihunmu. Abin da ya ƙona min rai shi ne a gyara bamba da fitila da fenti har da turare, abin da zai tsare rai kuma a cusa masa tsumma, sannan a kalli idonka a ce ba ta taɓa ko kwarzane ba. Wanda ya sayar maka da mota ba eyabag ya faɗa maka, ka san da me kake tafiya, za ka rage gudu, za ka ajiye kuɗin gyara. Wanda ya kashe fitilar ya ƙwace maka har wannan sanin. Na kira dilan, ya ce shi ma haka ya saya, Allah ne masani, na bar shi da Shi.

Kuma gaskiya ba dilaye kaɗai ba ne, mu ma masu mota muna yi. Sau nawa mutum zai je gareji ya ce don Allah kashe min fitilar nan tana damuna? Ina zaune a wurin dattijon wani ya zo da wannan buƙatar, ya ce masa Alhaji ni ba na kashe fitila, in kana so mu duba me ya kunna ta. Aka duba, soket ne kawai a ƙasan kujera ya saki saboda ana yawan tura kujerar gaba da baya, aka goge aka mayar aka share kod, ko minti ashirin ba a yi ba. Sau da yawa abin bai wuce haka ba, ko ribon, ko batir ya yi sanyi ya bar kod.

Abu biyu ya ja kunnen yaronsa a kai a gabana, ni ma ina ja wa duk mai son taɓa waya da kansa. Kar ka kuskura ka sa mita ko fitilar gwaji a kan soket ɗin eyabag ɗin kansa, 'yar wutar da mita ke turawa tana iya tada shi a fuskarka. In kuma ka ciro shi, ka ajiye shi fuskar tana kallon sama, in ka kifa shi ya tashi, ƙarfen ne zai yi sama. Masu Honda Accord ɗin da muke ce wa EOD da DC da tsofaffin Corolla kuma ku yi hattara wurin sayen eyabag na Beljiyam, da yawansu suna cikin motocin da aka yi wa kiranye saboda eyabag ɗin Takata, wanda sinadarinsa ke lalacewa da zafi da danshi har ya fasa gwangwaninsa ya watso ƙarfe, eyabag kusan miliyan 67 aka kira a Amurka kaɗai, kamfanin ma ya durƙushe a 2017. Shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, yana ba ka damar sa lambar shasi ka ga ko akwai kiranyen da ba a yi wa motarka ba, kyauta ne.

Yanzu inda muke, an cire jar wayar da akwatin, an yi wa wayar kujera dalma an sa mata riga, an wanke soket, an mayar da na'urar kujera ta asali ashe ma lafiyarta ƙalau saiti kawai take so. An gyara mitar dashbod an mayar da fitilar kan hanyarta, an sa sabuwar ribon, hon ya dawo, batir ya yi sati a ajiye ya tashi bugu ɗaya. Na samu birenbos da eyabag ɗin direba da bel daga motar da aka yanka wadda bayanta ne ya bugu, dattijon da kansa ya bi ni kasuwar Ƙofar Ruwa ya juya su ya duba lamba kafin na biya. Na fasinja ne kuɗi bai kai ba tukuna, saboda haka fitilar tana nan a kunne jajir, kuma ya ce min muddin tana kunne kar in dogara da ko ɗaya daga cikinsu. Uwargida ta koma baya tare da yara, ba na wuce 80 ko a hanyar Zariya. Ƙarshen wata in albashi ya shigo in sha Allahu za mu koma neman na fasinjan, lambar tana rubuce a takarda cikin aljihun motar.